Rediyon Dijital: Yadda Ake Saita Kamun Tasha Da Sauti

Rediyon dijital shi ne akwatin rediyon da ke nuna mitar tasha da lambobi a kan ɗan allo, maimakon allurar nan da ke tafiya a bayan gilashi idan an murɗa. A 'yan shekarun nan irinsa ya cika kasuwannin Kano da Kaduna da Abuja da Sakkwato, tun daga ƙanana na aljihu masu caji har zuwa manya masu Bluetooth da gurbin saka mimori. Sai dai da yawa daga cikin masu saye suna kukan cewa bai kai tsohon rediyonsu kama tasha ba, ko kuma muryarsa na fita cikin shuu da ƙaraurawa. Sau da yawa akwatin lafiyarsa ƙalau. Saitin da ya zo da shi daga masana'anta ne bai dace da wannan yanki ba, ko kuma an ajiye shi a inda bai kamata ba.

Ga ɗan kasuwar da ke jiran labarin farashin canji ko na rufe iyaka, da ma'aikacin da ke sauraron sanarwar gwamnati ko ta ganin wata, tashar da ta ɓace a daidai lokacin labarai asara ce. Haka ma kuɗin da ake kashewa wajen sayen sabon akwati alhali na hannu saiti kawai yake buƙata.

Ire-iren rediyon dijital

Sunan ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe. Na farko shi ne rediyon da ke kama tashoshin da aka saba, wato FM da matsakaicin zango da gajeren zango, amma yana neman tasha da sarrafa sauti ta hanyar wani ɗan guntun na'ura da ke cikinsa. Irin wannan ne ya fi yawa a hannun jama'a, kuma kamfanoni irin su Tecsun da Sony da Kchibo da XHDATA sun yi suna a kansa.

Na biyu shi ne wanda ke kama watsa shirye-shirye na dijital zalla, wato tsarin DAB+ ko DRM, inda ake mayar da muryar kanta lambobi kafin a aiko ta. Ƙasar Norway ta rufe manyan tashoshinta na FM a 2017 ta koma DAB+, Indiya na amfani da DRM a matsakaicin zango, Ghana kuma ta fara gwajin DAB+ a Accra da Kumasi a 2023. A Najeriya, tashar watsa shirye-shirye ta Muryar Najeriya da aka buɗe a Lugbe, Abuja, a 2012 tana da na'urorin DRM. Amma gidajen rediyon da ake saurara kullum a Arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar har yanzu a kan FM da matsakaici da gajeren zango suke. Shirin komawa dijital da Hukumar NBC ta ƙaddamar a Jos a 2016 na talabijin ne.

Zanguna uku da halin kowanne

Zangon FM ya kama daga megahaz 87.5 zuwa 108. Shi ne mafi tsabtar sauti, amma siginarsa a miƙe take tafiya, don haka dutse da dogon gini da nisa suna tare ta. A nan ake samun tashoshi irin su Freedom Radio a kan 99.5 da Dala FM a kan 88.5 da Arewa Radio a kan 93.1, duk a Kano.

Matsakaicin zango, wanda ake rubuta wa MW ko AM a jikin rediyo, ya kama daga kilohaz 531 zuwa 1602 a wannan yanki na duniya. Da rana siginarsa bin ƙasa take yi. Da dare kuwa tana tashi sama ta dawo, shi ya sa ake jin tashoshin garuruwa masu nisa bayan magariba. A wannan zango ne aka san Rediyon Najeriya na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, a kan 594, da Rediyon Nagarta a kan 747.

Gajeren zango, mai alamar SW, shi ne ke ƙetare ƙasashe da teku. Ta nan ne Hausawa suka saba da Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da na Muryar Jamus a 1963, da na Muryar Amurka a 1979, da na Rediyon Faransa a 2007. An kasa shi zuwa ƙananan zanguna da ake kira da tsawon mita: mita 49 da 41 da 31 da 25 da 22 da 19 da 16 da 13. Lissafin mai sauƙi ne. Idan aka raba 300 da adadin megahaz, za a sami tsawon zangon. Tashar da ke kan megahaz 9.6, alal misali, tana zangon mita 31 ke nan. Kilohaz 1000 kuma shi ne megahaz ɗaya, don haka 9600 da 9.6 abu guda ne. Wani rediyon yana nuna wannan, wani yana nuna wancan.

Saitin farko bayan saye

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne tazarar da rediyo ke tsallakawa daga mita zuwa mita a matsakaicin zango. A Afirka da Turai da Asiya tazarar kilohaz 9 ce, a nahiyar Amurka kuwa 10. Rediyon da aka bari a kan 10 zai tsallaka daga 590 zuwa 600, ko daga 740 zuwa 750, ya wuce 594 da 747 ba tare da ya tsaya a kansu ba. Abin da mai shi zai ji shi ne murya a dushe, ko ma shiru. Maɓallin gyaran yakan kasance ɗauke da alamar 9/10K, wani lokaci a ɓoye cikin gidan batir. A samfurori da yawa sai an kashe rediyon sannan a danna maɓallin a riƙe har lambar ta canza a allo.

Haka lamarin yake a FM. Rediyon motocin da aka shigo da su daga Amurka yana tsallaka kilohaz 200, yana tsayawa a kan lambobi irin su 88.1 da 88.3 da 88.5 kawai. Tashar da mitarta ta ƙare da 2 ko 4 ko 6 ba za ta fito sosai a irinsa ba sai an sauya saitin yanki, idan yana da shi. Wasu ƙananan akwatunan kuma suna ba da zaɓin inda zangon FM zai fara, 64 ko 76 ko 87.5. Na ƙarshen ne ya dace da nan, domin yana rage ɓata lokaci wajen neman tasha a inda babu kowa.

Sai agogo. Jadawalin tashoshin waje yawanci da agogon GMT ko UTC ake rubuta shi. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaban wannan agogo da awa ɗaya, Sudan da awa biyu, Ghana kuwa daidai take da shi. Shirin da aka rubuta 19:30 zai zo da ƙarfe 8:30 na dare a Kano. Rediyon da ke da agogo biyu, ana iya saita ɗaya a kan lokacin gida, ɗayan a kan GMT.

Na uku shi ne nau'in batir. Batir ɗin yarwa yana ba da bolt 1.5, mai caji na NiMH kuma 1.2. Wasu akwatunan suna da saitin da ake shaida musu wanda aka saka, domin alamar batir ta faɗi gaskiya. Kada a kuskura a jona caja alhali batir ɗin yarwa ne a ciki. Yana iya zubar da ruwa ko ya fashe.

Eriya da mazaunin rediyo

Babu wani maɓalli da ya kai eriya da wurin ajiya tasiri. Sandar ƙarfen da ake zarowa ta FM ce da gajeren zango. Ga FM, tsawon da ya fi dacewa yana wajen santimita 75, wato rubu'in tsawon zangon tashar da ke kusa da megahaz 100. Sai a riƙa karkata ta hagu da dama har shuu ya ragu. Ga gajeren zango kuwa, a zaro ta gaba ɗaya a tsayar.

Matsakaicin zango ba ya amfani da wannan sanda ko kaɗan. Eriyarsa tana cikin akwatin, a kwance, waya ce da aka naɗe a jikin wani baƙin ƙarfe. Saboda haka akwatin kansa ake juyawa a hankali. Tasha ta fi fitowa idan gaban rediyon ko bayansa na fuskantar garin da take, tana kuma dushewa idan gefensa ne ya nufi can. Ana iya cin moriyar wannan da dare: idan tashoshi biyu suka hau kan juna, sai a juya gefen akwatin ya nufi wadda ba a so.

A wayar salula da ƙananan rediyoyi marasa sanda, wayar iyafis ce eriya. Idan aka dunƙule ta a aljihu kamu zai ragu, sai an warware ta.

Rufin kwano da shagon kwantena da ginin siminti mai rodi, irin na sakatariyoyin gwamnati da benayen Kantin Kwari, duk suna tare sigina. Mafi kyawun mazauni shi ne bakin taga ko kusa da ƙofa, a ɗan sama. A FM, matsar da akwatin da taku ɗaya kawai yakan kawar da ƙaraurawa, domin siginar da ta bugi gini ta dawo tana cin karo da wadda ta zo kai tsaye, su kashe juna a wani gurbi, su ƙarfafa juna a wani.

Mai son ƙarin ƙarfi a gajeren zango yana iya maƙala waya mai rufin roba, mai tsawon mita 5 zuwa 7, a jikin sandar, ya miƙa ta wajen taga. Wadda ta fi haka tsawo takan cika wa ƙaramin rediyo ciki, tashoshi su cakuɗe. Akwai sharuɗɗa biyu da ba a wasa da su. Kada wayar ta kusanci wayar wutar lantarki, ko ta bi ta samanta ko ta ƙarƙashinta. Sannan a cire ta daga jikin rediyo da zarar hadari ya taso, saboda tsawa.

Neman tasha da adana ta

Hanyoyi uku ne. Akwai murɗawa ko danna kibiya a hankali, akwai shigar da lambar mita kai tsaye ga akwatin da ke da madannan lambobi, akwai kuma neman kai-da-kai, wanda ake rubuta wa SCAN ko ATS, inda rediyon ke bin zangon gaba ɗaya yana adana duk abin da ya samu.

Neman kai-da-kai yana da sauri, amma yana da aibi biyu. Yakan tsallake tasha mai rauni, yakan kuma ɗauki hayaniyar kayan wuta a matsayin tasha ya adana. Bugu da ƙari, a akwatuna da yawa yana goge abin da aka adana a baya. Ya fi kyau a yi shi a tsakar gida ko bakin taga, da eriya a zare, kuma ba a jone da caja ba. Bayan haka sai a goge na banza, a jera waɗanda ake so da hannu, a sa ta labarai a lamba ta ɗaya.

Wasu akwatunan suna nuna lambobi biyu ƙanana a kusurwar allo. Mai alamar dBµ tana nuna ƙarfin sigina, mai alamar dB ko S/N tana nuna yadda murya ta rinjayi hayaniya. Ta biyun ce abin lura yayin juya eriya. Idan ta farko ta yi sama amma ta biyu na ƙasa, alama ce cewa abin da ke shigowa da ƙarfi hayaniya ce.

Maɓallan gyaran kamu

Maɓallin DX da LOCAL yana ƙayyade yadda kunnen rediyo ke buɗewa. DX na tashoshin nesa ne, kuma a nan ya kamata ya zauna yawancin lokaci. LOCAL yana rage ƙarfin abin da ke shigowa. Amfaninsa ga wanda ke zaune kusa da turken wata tasha ne, inda muryarta ke fitowa a wurare da dama a kan zango tana danne sauran. Rediyon da aka manta a kan LOCAL yakan zama kamar kurma.

Maɓallin BW, ko WIDE da NARROW, yana sarrafa faɗin ƙofar da sigina ke shigowa ta ciki a matsakaici da gajeren zango. Wasu samfurorin suna ba da zaɓin kilohaz 6 da 4 da 3 da 2 da 1. Ƙofa mai faɗi tana ba da murya garau idan tashar na da ƙarfi. Idan kuwa wata tasha ta maƙwabta na kutsowa da fito ko surutu, sai a rage zuwa 3 ko 2. Muryar za ta ɗan yi kauri, amma kutsen zai ragu. A gajeren zango tazarar tashoshi kilohaz 5 ce kacal, don haka wannan maɓalli yana da amfani ƙwarai. Gocewa da kilohaz ɗaya ko biyu daga mitar tasha, zuwa ɓangaren da babu mai kutse, shi ma yana taimakawa.

Maɓallin STEREO da MONO na FM ne. Sitiriyo yana raba sauti zuwa kunnen hagu da na dama, amma yana buƙatar sigina mai ƙarfi sosai. Idan tasha na da nisa, mayar da shi MONO yakan kashe mafi yawan shuu nan take. Akwatin da ke da lasifika ɗaya ba ya rasa komai a kan MONO.

Manyan akwatuna suna da SYNC, wanda ke rage murɗewar murya idan tashar gajeren zango na tashi tana faɗuwa. Suna kuma da SSB, wanda masu magana ta rediyo irin su matuƙa jiragen sama masu dogon zango ke amfani da shi. Idan aka bar SSB a kunne bisa kuskure, tashar labarai za ta fito da fito ko da murya kamar ta agwagwa.

Lokaci da yanayi a gajeren zango

Siginar gajeren zango tana tashi ne zuwa wani sashe na sararin samaniya da hasken rana ke cajawa, daga can ta dawo ƙasa. Wannan ya sa halinta ke sauyawa da lokaci. Da rana zanguna masu manyan lambobin megahaz sun fi aiki, wato mita 13 da 16 da 19. Da dare da asuba kuwa mita 31 da 41 da 49 suka fi. Mita 25 da 22 suna tsakiya, suna kyau da safe da yamma. Dalili ke nan da tashoshin waje kan watsa shiri guda a kan mitoci biyu ko uku. Idan ɗaya ta ƙi, sai a gwada ɗayar.

Tashoshin suna kuma sauya mitocinsu sau biyu a shekara, a Lahadin ƙarshe ta watan Maris da Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba. Wanda ya wayi gari ya ji shiru a mitar da ya adana a waɗannan lokuta, sabon jadawali zai nema, wanda akan sanar a cikin shirin ko a shafin tashar na intanet. Har ila yau ita kanta rana tana da wani zagaye na kimanin shekara 11 da ƙarfinta ke hawa da sauka, kuma idan ta yi wata irin tartsatsi gajeren zango yakan ɗauke na mintoci ko sa'o'i da rana tsaka. Wannan babu maɓallin da ke gyara shi sai haƙuri.

Kayan wuta masu hayaniya

Babban abokin gabar matsakaici da gajeren zango a birane a yau shi ne kayan wutar da ke kewaye da rediyo. Inbata da na'urar cajin sola da ƙwan fitila na zamani mai arha da cajar waya da talabijin da kwamfuta duk suna fitar da hayaniyar da kunne ba ya ji amma rediyo na ɗauka. Janareta mai fetur da babur suna haddasa ƙas-ƙas mai bin bugun inji. Wayar lantarki mai sako-sako a kan turke tana kawo ƙuuu mai ɗorewa.

Gano mai laifi ba wuya. A cire rediyon daga wuta ya koma kan batir, a kai shi matsakaicin zango a inda babu tasha, sannan a riƙa kashe kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka kashe hayaniya ta ɗauke, shi ne. Ko kuma a zaga da akwatin a hannu. Ƙarar na ƙaruwa yayin da aka kusanci tushenta. Nisantar da rediyon da mita biyu ko uku daga inbata yakan wadatar. Sauraro a lokacin da ake caji shi ma yana kawo hayaniya, musamman da caja mai arha, don haka ya fi kyau a yi caji tukuna sannan a saurara.

Gyaran sauti

Bayan kamu ya daidaita sai a koma kan murya. Muhimman sautukan da ke sa a fahimci magana suna tsakanin haz 300 zuwa 3400. FM yana ɗauke da sauti har zuwa haz 15,000, matsakaicin zango kuwa bai cika wuce 4500 ba. Wannan ne ya sa saitin da ya dace da kiɗa a FM bai dace da labarai a gajeren zango ba.

BASS shi ne kaurin sauti, TREBLE kuma kaifinsa. Ga labarai da tafsiri da sharhin ƙwallo, a rage kauri, a bar kaifi a tsakiya. Yawan kauri yana sa ƙaramar lasifika rawa, ya dusashe kalmomi, ya kuma ci batir. Idan tasha na da shuu, rage kaifi yana sassauta shi. Akwatin da ke da maɓallin NEWS da MUSIC, ko LOW da HIGH, ya sauƙaƙa aikin: na farko na magana ne da tasha mai rauni, na biyu na kiɗa da tasha mai ƙarfi. Masu gurbin mimori sukan zo da EQ mai zaɓuɓɓuka irin su NORMAL da POP da ROCK da JAZZ, kuma NORMAL ne ya fi dacewa da magana. A wasu daga cikinsu EQ yana aiki ne kawai a kan mimori da Bluetooth.

Ƙure murya ba ya ƙara jin magana. Idan aka wuce ƙarfin lasifika, sauti yakan tsage. A shago mai hayaniya gara a matso da akwatin kusa, a fuskantar da lasifikar wajen mai sauraro. Muryar da ke tsagewa tun ba a ƙure ba, yawanci alamar raunin batir ce. Wasu akwatunan kuma suna rage murya da kansu idan sigina ta yi rauni, sai a ji tasha na nutsewa tana tasowa. Gyaran eriya ne maganin wannan.

Masu amfani da iyafis su kula da kunnuwansu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, ga yara kuma 75. Alama mai sauƙi ita ce, idan mutum ba ya jin wanda ke masa magana a gabansa, murya ta yi yawa. Jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa.

Ga mai rediyon DAB+ ko DRM

DAB+ yana aiki ne tsakanin megahaz 174 zuwa 240, kuma sunayen tashoshi yake jerawa maimakon mitoci. Ba ya yin shuu: ko dai murya ta fito garau, ko ta riƙa yankewa, ko ta ɗauke. Idan aka je sabon gari sai an sake cikakken nema, sannan a share tashoshin da suka daina fitowa ta zaɓin PRUNE. Zaɓin DRC yana ɗaga ƙananan sautuka domin a ji su a wuri mai hayaniya. Wanda ya sayi irin wannan akwati daga cikin kayan da ake shigowa da su daga Ingila ya sani cewa ɓangaren FM ɗinsa ne zai yi masa aiki a nan, kuma yawancinsu ba su da matsakaici ko gajeren zango.

Matsalolin da aka fi fuskanta

- Maɓallai sun ƙi aiki: a duba alamar makulli a allo. LOCK ko HOLD ne a kunne.
- Rediyo na mutuwa da kansa bayan wasu mintoci: agogon barci ne, mai alamar SLEEP.
- Tashoshin da aka adana sun ɓace: batir ya daɗe a cire, ko an sake neman kai-da-kai.
- FM na fita amma matsakaicin zango ya ƙi: a duba tazarar 9 da 10, a juya akwatin, a nisanta shi da kayan wuta.
- Allo ya daskare: a cire batir na ɗan lokaci, ko a danna ramin RESET da tsinke.
- Ƙas-ƙas yayin murɗa murya: ƙurar hunturu ce ta shiga, mai gyara zai wanke.

Kulawa da abin dubawa kafin saye

Zafi yana kashe batirin litiyam irin su 18650 da BL-5C, don haka ba a barin rediyo a rana ko cikin mota a rufe lokacin bazara. Batirin da ya kumbura a cire shi nan take. Idan za a daɗe ba a yi amfani da akwati ba, a cire batir ɗin yarwa domin kada ya zubar da ruwa ya ci ƙarafan ciki. Wutar Najeriya bolt 230 ce, saboda haka duk cajar da ta zo daga Amurka a karanta jikinta. Wadda aka rubuta wa 100 zuwa 240 ce ke jure wutar nan. Sandar eriya kuma daga gindi ake turata a hankali, domin ta kan karye idan aka danna ta daga sama.

Mai saye ya nemi a kunna masa akwatin a gabansa, ya gwada zanguna ukun ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar yana da tazarar kilohaz 9, ya kuma duba ko gajeren zangonsa ya kai aƙalla megahaz 18, domin ya haɗa da mita 16 da ake ji da rana. Hausawa na cewa araha ba ta ado: akwatuna da yawa masu fitilu da babbar lasifika an rubuta musu SW a jiki, amma kamunsu a wannan zango ba shi da ƙarfi. Idan cikin kasuwa ya yi hayaniyar janareta, a fita da shi fili a gwada kafin a biya kuɗi.